Gundumar da Birni Ya Haɗiye

Wanda ya buɗe taswirar mulkin Ingila ta shekarar 1900, ya kai idonsa arewa, wajen lardin West Riding na ƙasar Yorkshire, zai tarar da sunan Leeds a rubuce har sau biyu. Na farko shi ne babban birnin nan na masaƙa da maɗinka da maƙera, mai mutum fiye da 400,000. Na biyu kuwa wata 'yar mitsitsiyar hukuma ce da ta raɓe a gefensa ta gabas da arewa maso gabas, wadda aka raɗa wa suna Gundumar Karkara ta Leeds, alhali kuwa babu ko taku ɗaya na birnin a cikinta. Ƙauyuka biyu ne tak a ƙarƙashinta, watau Roundhay da Seacroft. An kafa ta a 1894, aka rushe ta ran 9 ga Nuwamba, 1912. Shekara 18 ke nan ta yi a duniya, yayin da da yawa daga cikin tsararrakinta, waɗanda doka guda ta haifa a shekara guda, suka kai shekara 80 suna aiki, sai a 1974 aka sallame su.

Abin tambaya shi ne, me ya sa wannan ta rasu da ƙuruciya? Amsar tana cikin yadda aka haife ta. Babu wani mahalukin da ya zauna ya auna ƙasa, ya ƙirga mutane, ya ce a nan ya kamata a yi gunduma. Ragowa ce kurum, kamar ƙyallen da kan saura a gaban tela bayan ya yanke riga. Kafin mai karatu ya gane haka, dole mu koma baya kaɗan, zuwa ga sha'anin matalauta, domin daga nan ne zaren ya faro.

Tun zamanin Sarauniya Alisabatu ta Farko, bisa dokar 1601, ɗawainiyar gajiyayyu a Ingila tana wuyan yankin majami'a ne, watau ƙasar da coci guda ke kula da ita, wadda a wajen girma za a iya kwatanta ta da ƙasar dagaci. Kowane yanki shi ke tara haraji daga masu gidaje da gonaki, shi ke ciyar da nasa marayu da tsofaffi da marasa aikin yi. A 1834 sai Majalisar Dokoki ta ga kuɗin sun yi yawa, ta yi sabuwar doka, ta ce a tattara yankuna da dama su zama haɗaka guda, su gina babban gidan gajiyayyu guda, a zaɓi wakilai su riƙa gudanar da shi. An tsananta rayuwa a waɗannan gidaje da gangan, har ana raba miji da mata, don kada kowa ya nemi shiga sai wanda ya rasa yadda zai yi. Mutanen arewacin Ingila sun yi wa dokar tirjiya ƙwarai, Leeds ma sai a 1844 ta sami nata wakilan. A 1861 aka buɗe ƙaton gidan gajiyayyu a titin Beckett, wanda daga baya ya zama wani sashe na asibitin St James, daga bisani kuma aka mai da shi gidan tarihin aikin likita. A 1869 ne aka faɗaɗa haɗakar Leeds, aka jingina mata waɗansu yankuna na kewaye, ciki har da Roundhay da Seacroft. Ba don komai aka yi haka ba sai don a san inda za a kai gajiyayyun ƙauyukan nan biyu, da wanda zai biya kuɗin abincinsu.

Sa'an nan sai maganar annoba ta shigo. Cutar kwalara ta faɗa wa Leeds a 1832, ta kashe mutum wajen 700, wani likita mai suna Robert Baker ya zana taswira ya nuna cewa unguwannin da ba su da lambatu da magudanan ƙazanta su ne suka fi yin asarar rayuka. A 1842 Edwin Chadwick ya fitar da shahararren rahotonsa kan tsabtar mazaunan ma'aikata, aka yi dokar lafiyar jama'a ta farko a 1848, amma ba ta tilasta wa ko'ina ba. Sai a 1872 aka yi dokar da ta raba ƙasar baki ɗaya zuwa yankunan tsabta, aka ƙara ƙarfafa ta a 1875. A birane, majalisar gari aka ɗora wa aikin. A karkara kuwa babu wata majalisa, gwamnati kuma ba ta son kashe kuɗi wajen ƙirƙiro sabuwa, don haka sai ta waiwaya ta ga wakilan gajiyayyu suna nan da ofis da akawu da hanyar tara haraji. Aka ce to, kowace haɗaka a cire birane da garuruwan da ke cikinta, abin da ya rage shi ne yankin tsabta na karkara, wakilan gajiyayyu su kula da shi.

A yawancin wurare wannan dabara ta yi daidai, domin haɗaka takan ƙunshi garin kasuwa guda ne da ƙauyuka ashirin ko talatin kewaye da shi, in an cire garin sai a sami ƙasa mai faɗi. A Leeds kuwa birnin shi ne kusan dukkan haɗakar. Headingley da Chapel Allerton da Potternewton duk suna cikin iyakar birni tun da daɗewa. Da aka cire su, abin da ya saura a faifai shi ne ƙauyukan nan biyu.

Dokoki biyu ne suka kammala ginin. Ta 1888 ta kafa zaɓaɓɓun majalisun larduna, ta kuma ce duk garin da ya kai mutum 50,000 yana iya cin gashin kansa, ba ruwansa da lardin da ke kewaye da shi. Leeds ta sami wannan matsayi a 1889, a 1893 kuma aka ɗaga darajarta ta zama cikakken birni. Majalisar lardin West Riding ta yi zamanta a Wakefield. Ta biyun ita ce dokar 1894, wadda Henry Fowler ya gabatar a gwamnatin Gladstone. An sha dambarwa a kanta da Majalisar Dattawa, har jawabin ƙarshe da tsoho Gladstone ya yi a Majalisar Wakilai, ran 1 ga Maris 1894, a kan gyare-gyaren da dattawan suka yi wa wannan doka ne. Dokar ta mai da yankunan tsabta na karkara suka zama gundumomin karkara masu zaɓaɓɓun majalisu, ta ba duk ƙauyen da ya kai mutum 300 tasa 'yar majalisar, ta soke al'adar ba mai dukiya ƙuri'a fiye da ɗaya a waɗannan zaɓuɓɓuka, ta kuma yarda mata, har da matan aure da suka cika sharuɗɗa, su yi zaɓe kuma a zaɓe su, shekara 24 kafin a ba mace ƙuri'a a zaɓen Majalisar Dokoki. Babban ci gaba ne, ba shakka. Sai dai dokar ta canja masu riƙe da iko ne, iyakoki kuwa a mafi yawan wurare ta bar su yadda ta same su. Ƙyallen nan na 1872 shi aka ɗauka aka yi wa hatimi, aka ce ya zama gunduma.

To, ga yadda lamarin ya kasance ga mutumin Seacroft a 1900. Yana da majalisar ƙauye mai kula da ƙananan abubuwa irin su hanyoyin ƙafa da filayen noman rani na talakawa. Yana da majalisar gunduma mai kula da ruwan sha, da magudanai, da kwashe shara da bahaya, da ƙananan hanyoyi, da ƙa'idodin gini, da kai rahoton cututtuka masu yaɗuwa, wadda doka ta wajabta mata ɗaukar likitan lafiyar jama'a da duba-gari. Sa'an nan yana da majalisar lardi a Wakefield mai manyan hanyoyi da hannu a sha'anin 'yan sanda, wadda dokar 1902 ta ƙara wa makarantu. Hawa uku ke nan na mulki a kan jama'ar da duka-duka 'yan dubbai ne, waɗanda ba su kai kashi 2 cikin 100 na mutanen birnin da ke maƙwabtaka da su ba. Wani abin dariya kuma, in mutumin nan yana da ƙorafi kan rijiyar da ta gurɓace, ba a ƙauyensu zai sami ofishin gundumarsa ba. Sai ya shiga birni, ya je titin East Parade, ofishin wakilan gajiyayyu, domin a nan ne hedkwatar gundumar take, a kan ƙasar da ba ta da iko da ita. Su kansu kansilolin gundumar, bisa dokar 1894, su ne kuma wakilan ƙauyukansu a hukumar gajiyayyu, watau hula biyu a kai ɗaya.

Maganar kuɗi ita ce ta fi komai nauyi. A wancan zamani gundumar karkara ba ta karɓar haraji da hannunta. Takan ƙiyasta abin da take bukata ne, ta aika wa masu tara harajin gajiyayyu na kowane ƙauye, su haɗa da nasu su karɓo daga masu gidaje da gonaki, gwargwadon abin da aka kimanta kadarar mutum za ta kawo na haya a shekara. A 1896 kuma aka yi dokar da ta rage wa ƙasar noma rabin wannan haraji. Famfo da magudana kuwa ba su san yawan masu biya ba: mil guda na bututu kuɗinsa ɗaya ne, ko gida goma ne a kan layin ko gida dubu. Ƙaramar hukuma mai mutane kaɗan dole ta zaɓi ɗaya cikin biyu, ko ta tsawwala wa jama'arta haraji, ko ta bar aiki ya kwanta. Kansilolin karkara, waɗanda akasarinsu su ne manyan masu biyan harajin, ba a cika samunsu suna gaggawar zaɓar na farko ba.

Duk da haka, da a ce ƙauyukan nan biyu suna can nesa a cikin tuddan Yorkshire, da wataƙila gundumar ta lallaɓa ta kai 1930 da wani abu, kamar sauran ƙanana irinta. Abin da ya gaggauta ajalinta shi ne, tun kafin a haife ta birnin ya riga ya shiga cikin gidanta ya shimfiɗa tabarma.

Roundhay, mai nisan kamar mil 3 daga tsakiyar Leeds, asalinsa gandun farauta ne na manyan masu sarauta, sunan ma ma'anarsa kewayayyen shinge. A 1803 wani attajiri, Thomas Nicholson, ya sayi babban rabo na ƙasar, ya gina gida, ya sa aka haƙa tafkuna, babban cikinsu aka sa masa sunan Waterloo. A 1871 gandun ya fito kasuwa. Magajin garin Leeds na lokacin, John Barran, wanda ya yi arziki da sana'ar ɗinka tufafi da yawa a masana'anta, shi da waɗansu abokansa suka saye shi a kan fam 139,000, da niyyar birnin ya karɓa ya mai da shi wurin shan iska ga ma'aikatan da hayaƙi ya dame su. Sai da aka nemi izinin Majalisar Dokoki kafin birnin ya iya biyan irin waɗannan kuɗi. A watan Satumba 1872 Yarima Arthur, ɗan Sarauniya Biktoriya, ya buɗe shi a gaban ɗimbin jama'a. Faɗinsa ya haura eka 700, yana cikin manyan lambunan birni na Turai. Masu suka suka yi ta yi wa Barran ba'a, suna cewa ina amfanin lambun talakawa a inda talaka ba zai iya zuwa da ƙafa ba bayan ya tashi daga aiki? Suna da gaskiya a lokacin. Amsar ta zo a 1891, sa'ad da aka shimfiɗa layin tarago mai aiki da lantarki daga Sheepscar zuwa Roundhay, wanda shi ne na farko a Biritaniya mai jan wuta daga waya ta sama.

A nan ma, in mai karatu zai yi mini uzurin ratse, a lambun wani gida na Roundhay ne wani Bafaranshe, Louis Le Prince, ya ɗauki hoto mai motsi na daƙiƙa biyu a watan Oktoba 1888, wanda ake ɗauka shi ne mafi tsufan fim da ya wanzu. Shekara biyu bayan haka mutumin ya ɓace a Faransa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Tarago bai tsaya ga kai masu yawon Lahadi ba. Ya nuna wa masu masana'antu da lauyoyi da manyan akawuna cewa mutum yana iya neman kuɗi a cikin hayaƙi ya je ya kwana a cikin iska mai daɗi. Aka yanka filaye kewaye da lambun, manyan gidaje suka tashi, Roundhay ta zama unguwar masu hali, sunan ƙauye kawai ya rage mata. Ta ɗaya ɓangaren, Seacroft, mai nisan kamar mil 4, ta ci gaba da zama ƙauyen manoma mai tsohon tarihi. Sunanta yana cikin littafin ƙidayar dukiya na 1086, a dajinta ne kuma mayaƙan sarki suka fatattaki Sir Thomas Fairfax a 1643, lokacin yaƙin basasar Ingila. Amma ita ma birnin ya miƙo mata hannu ta wata hanyar: a 1904 ya buɗe babban asibitin cututtuka masu yaɗuwa a wannan shiyya, nesa da cunkoso, da doguwar hasumiyar agogo wadda kuma ita ce tankin ruwansa. Watau abin da birnin ke so ya more, da abin da yake so ya nesanta daga jikinsa, duka biyu a wannan gefe ya ajiye su.

Daga nan gardamar ta zama irin wadda aka yi a kusan kowane babban birnin Ingila a waɗannan shekaru. Hujjar birni ita ce ta kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Mu muka gina tituna da kasuwanni da ɗakunan karatu, mu muka jawo ruwa daga kwaruruka masu nisa, mu ke ɗauke da unguwannin talakawan da ke yi wa attajiran nan aiki, amma su attajiran sun tsallaka iyaka da taku kaɗan, harajin gidajensu yana tafiya wani aljihu. Hujjar mazauna gefe kuwa ita ce, harajinmu mai sauƙi ne, kansilanmu maƙwabcinmu ne, muna iya tare shi a bakin coci mu faɗa masa damuwarmu, in muka shiga birni za mu zama ɗigo a cikin kogi, mu kuma gaji bashin da ba mu muka ci ba. Lardi ma yana da tasa hujjar, ita ce kuma ta fi ban tausayi a ganina: duk lokacin da wani yanki ya fara yin arziki har zai iya taimaka wa ƙauyuka matalauta na nesa, sai birni ya zo ya yanke shi ya tafi da shi, a bar lardi da dogayen hanyoyi da ƙarancin masu biya.

Kowanne yana da kamshin gaskiya, amma hujjar birni ta fi ƙarfi a nan, saboda gundumar ba ta da wata cibiya tata. Ba ta da garin kasuwa, ba ta da ofis a ƙasarta, ƙauyukanta biyu kowanne birni yake fuskanta, ba ɗan'uwansa ba.

Hanyar faɗaɗa iyaka a lokacin a fili take. Birni ya rubuta wa Hukumar Ƙananan Hukumomi da ke Landan, a aiko sufeto ya zauna a bainar jama'a ya saurari kowane ɓangare, lauyoyi su yi ta kai-kawo da alƙaluman haraji da na magudanai, in hukumar ta gamsu ta ba da umarnin wucin gadi, Majalisar Dokoki ta tabbatar da shi. Sau da yawa akan lallashi sababbin shiga da alkawarin rangwamen haraji na 'yan shekaru, a biya ma'aikatan da suka rasa muƙamansu diyya, kadarori da basussukan hukumar da aka rushe su koma wuyan birni. A 1911 Birmingham ta haɗiye maƙwabtanta da dama a lokaci guda, har da Gundumar Karkara ta Yardley. Shekara guda bayan haka Leeds ta bi sahu. Ta ɗauki Roundhay da Seacroft gaba ɗaya, ta haɗa da Shadwell da wani yanki na Cross Gates daga gundumomin maƙwabta. Su waɗancan gundumomi an ɗan rage musu jiki ne kawai, suka ci gaba da rayuwa. Ta Leeds kuwa babu abin da ya saura da za a mulka. An zaɓi 9 ga Nuwamba ne domin a wancan zamani ita ce ranar da biranen Ingila ke naɗa sabon magajin gari su fara sabuwar shekarar mulki, tun daga dokar 1835.

Abin da ya biyo baya ya nuna cewa haɗiya ba iri ɗaya take yi wa kowa ba. Roundhay ta ci gaba da zama unguwar masu hali. Seacroft kuwa, a 1934 birnin ya sayi eka 1,000 na ƙasarta don ya gina wa mutanen da za a kwashe daga rusassun unguwannin tsakiyar gari gidaje, aka yi mafi yawan ginin bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta zama ɗaya daga cikin manyan rukunan gidajen hukuma a Ingila. Dubban iyalai da suka taso a gidajen da ba su da makewayi sun sami famfo da wurin wanka a cikin gida, wanda gundumar ƙauye biyu ba za ta taɓa iya yi ba. Gonaki kuwa suka tafi, aka rushe tsohon gidan sarautar ƙauyen, dandalin ciyawa na tsakiyar ƙauye ne ya tsira, gidaje suka kewaye shi ta ko'ina.

Kukan larduna bai tafi a banza ba. An kafa hukumar bincike ƙarƙashin Lord Onslow a 1923, a 1926 aka ɗaga adadin da gari zai kai kafin ya ci gashin kansa zuwa mutum 75,000, aka kuma ƙuntata hanyar faɗaɗa iyaka. Dokar 1929 ta rushe hukumomin gajiyayyu, ta umarci larduna su sake duba gundumominsu su narkar da ƙanana, a cikin wannan shara ce Gundumar Karkara ta Hunslet, wata ragowar da ke kudu da Leeds, ta tafi a 1937.

Masu karatunmu na Afirka ba baƙi ba ne ga wannan tsari, domin an yi masa dashe a ƙasashensu. Bayan wasiƙar da Sakataren Mulkin Mallaka Creech Jones ya aika wa gwamnoni a 1947, Jihar Gabas ta Nijeriya ta yi doka a 1950 mai hawa uku irin na Ingila, har da gundumomin karkara da na gari, aka fara gwada ta a Ikot Ekpene a 1951. Ƙasar da ta zama Gana ta yi tata dokar a 1951. A Sudan kuwa ma'ajin birnin Coventry, Dokta Marshall, shi aka gayyato ya rubuta rahoto a 1949, daga shi aka samo majalisun karkara na dokar 1951. Arewacin Nijeriya ya ci gaba da En'e, sai gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi iri ɗaya a ƙasar baki ɗaya. Kafin a kai ga wannan gyara ma, ita Ingila ta riga ta yar da samfurin da ta ba wasu aro: ran 1 ga Afrilu 1974, bisa dokar 1972, aka soke gundumomin karkara dukkansu a Ingila da Wales, aka kuma rushe lardin West Riding, Leeds ta ƙara faɗi har ta haɗa da garuruwa irin su Wetherby da Otley da Morley. Sunayen ƙauyukan nan biyu suna nan a cikin mazaɓu 33 na majalisar birnin, ɗaya Roundhay, ɗaya Killingbeck da Seacroft, kowace tana aika kansila 3 cikin 99.